Yadda Za Ka Sasanta Manhajoji Biyu Masu Suna "Buga"

Idan kai ne mai haɗa faifan manhajojin da ake zuba wa kwamfutocin makarantu, kuma ka wayi gari manhajoji biyu suna amsa suna ɗaya, kwantar da hankalinka. Ni Injiniya Halilu na yi kwas ɗin sati uku cur a Kano, kuma na kashe irin wannan wutar a Getso cikin 2001. Bi matakan nan, na yi maka alkawari gardama za ta mutu murus.

1. Kada ka gwada faifan

Wuta ba ta wuce awa biyu a yini, man janareto kuwa an ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Gwaji ɓarna ce. Haka na zuba faifaina a kwamfutar Islamiyyar Malam Muhammad Nur. A ciki akwai manhajar Zailani na Gwarzo, wadda in ka rubuta "buga" sai ta buga takarda, da ta Mijinyawa na Kabo, wadda in ka rubuta "buga" sai ta buga kiɗa.

Ranar Talata Malama Badi'a, mai kula da ofis, ta zauna fitar da shahadar ɗalibai arba'in da ɗaya masu sauka ranar Asabar. Baƙi biyu daga kwamitin Hisba suna zaune ana gaisawa. Ta yi bismillah, ta rubuta "buga". Kalangu ya tashi.

2. Ka ɗora wa zafi laifi

Da aka kira ni, Malam ya ce, "Injiniya, wannan wane irin karatu ne?"

Na taɓa bayan kwamfutar, na girgiza kai. "Allah gafarta Malam, zafi ne ya hau mata kai."

Kai ma ka faɗi haka. Babu wanda ya taɓa musa zafi a Gwarzo.

3. Ka nemo wanda ya riga

Ka tara masu manhajojin biyu a kan tabarma ɗaya. Zailani ya ce, "Tun kafin a ƙaddamar da Shari'a nake bugawa da wannan suna."

Mijinyawa ya gyara hula. "Kakana makaɗi ne. A gidanmu an fi shekara ɗari ana bugawa. Takarda yaushe ta zo?"

Ka rubuta bayanin kowa a littafi. Ba zai amfane ka ba, amma yana sa a ga kana aiki.

4. Ka gwada laƙabi

Na ce a yi yadda ake yi a gida in suna ya haɗu: buga-babba da buga-ƙarami. Duka biyun suka yarda, kowa ya zaɓi babba.

5. Ka raba musu ranaku

Na ba Mijinyawa Litinin da Talata, sauran ranaku na Zailani. Hikima ce babba. Sai dai batirin agogon kwamfutar ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta koma ɗaya ga Janairun 1980. Ka duba kalanda, Talata ce. Ranar Alhamis Malama Badi'a ta rubuta "buga", kalangu ya sake tashi, wannan karon har 'yan aji biyu suna kaɗa kafaɗa.

Ta dube ni. "Injiniya, iyaye sun riga sun sayi raguna. Jibi me zan miƙa wa yaran nan?"

6. Ka kafa kwamiti

Mutum bakwai suka zauna ranar Juma'a da hantsi. Hukunci ya fito: a ƙwace sunan daga kowa, a raɗa sababbi waɗanda ba za a ƙara ruɗewa ba. Na Zailani ya zama fitar-da-rubutu-a-kan-takarda-ba-tare-da-kiɗa-ko-makamancinsa-ba. Zailani da Mijinyawa suka fita tare suna zagina, ka ga an sasanta ke nan.

Bayan an sauko daga masallaci aka kawo wuta. Malama Badi'a da yatsa ɗaya take rubutu. Ta kai "makamancin", saura haruffa huɗu da karan ɗori, aka ɗauke.

7. Ka tsaya kusa da wurin yabo

Malama Badi'a ta tashi daga gaban kwamfutar. Ta ɗauko alƙalami da tawada, ta zauna ƙarƙashin darbejiya, ta rubuta shahada arba'in da ɗaya da hannunta kafin magariba. Da safe yatsunta ko kofi ba sa iya riƙewa.

A wurin walima Gwaggo Marka, kakar ɗaya daga cikin masu sauka, ta ɗaga shahadar jikarta sama, ta dube ni. "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Wannan injin naka ya fi mutum iya rubutu!"

Malama Badi'a na tsaye a bayana. Na ce, "Amin, Gwaggo. Aiki ne na ƙwararru."

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan, abin da ya same shi tsakaninsa ne da kwamfutarsa, ba ruwan Injiniya Halilu, ba ruwan iyalinsa. Makarantu ukun nan na garin Kara da suka aiko suna neman a zuba musu manhajar mai kyakkyawan rubutu kuma, don Allah su daina zuwa gidana. Su nemi Malama Badi'a da kansu. Ni ko sallamata ta daina amsawa.