Rasuwar Datar Gidan Akawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Akawu mai ritaya da iyalansa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Datar gidansu ta wannan wata, wadda ta cika jiya da hantsi a saman kantar falo, cikin 'yar farar na'urar da ta zauna a ciki duk tsawon rayuwarta. Ta rasu da ƙuruciyarta, wata bai ko raba tsakiya ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta taɓa hana kowa ba. Da sanyin safiya za a ji muryarta, kilin, kilin, tana shigo da gaisuwar dangi. Ita ke kawo wa mai ɗakin Akawu hotunan ɗinki, ita ke kai 'yar autarsu aji ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Aibinta ɗaya: kamfani ya yanka mata iyaka, kuma Akawu ya sa hannu a yarjejeniyar shekara guda, ba damar ƙari, ba damar fita.

Duk wanda ya san gidan zai shaida cewa Akawu ya yi jinya iyakar ƙoƙarinsa. Akwai wani koren layi a wayarsa mai nuna sauran kwananta, kuma tun ranar da ya gano shi bai sake shan iska a ƙofar gida ba. Yana cin abinci yana dubawa. Ya fita kasuwa, sai ya juyo daga rabin hanya don ya ji a jikinsa wani na kallon bidiyo. Ya hana 'yar auta kunna kyamara a darasi. Ya sauya kalmar sirri har shi kansa ya manta ta. Ya daina gaisawa da wanzamin da ke maƙwabtaka da su, saboda ya ga shagonsa ya cika da samari masu sunkuyar da kai a kan wayoyinsu. A gidan kuwa, in aka ji takunsa, kowa sai ya kife waya kamar an kama shi da kayan sata.

Ba rowa ce ta sa shi haka ba. Babbar 'yarsa tana aure a wata ƙasa mai nisa, cikinta ya tsufa, mahaifiyarsa kuma, wadda kowa ke kira Kaka, ƙafa ta riga ta zaunar da ita. Ya yi mata alkawarin za ta ga jaririn da idonta. Abin da yake wa tanadi ke nan.

Ciwon ajali ya fara ne a makon jiya. Layin ya koma rawaya, ya koma ja, alhali kowa ya rantse bai taɓa ta ba. Akawu ya tattara wayoyin gidan ya kulle a durowa, ya zauna ya tasa na'urar a gaba, amma marigayiyar ta ci gaba da ramewa. Sai bayan rasuwarta aka gano cewa talabijin ɗin falo, wanda ba a taɓa zargi ba, shi ke sabunta kansa a ɓoye yana zuƙe ta.

Jiya aka kira cewa an sauka lafiya. Akawu ya kai wa Kaka waya har gado. Fuskar 'yarsa ta fito, ta yi murmushi, ta fara janye zanen da aka naɗe jaririn. Tafin ƙafa ɗaya ya bayyana. Nan hoton ya daskare, wani ɗan zobe ya hau juyawa a tsakiya. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe ita ce ɗit, sai fitilarta ta koma ja.

Ta rasu ta bar Akawu, da mai ɗakinsa, da 'yar auta mai jarrabawa a gaba, da wayoyi marayu, da talabijin wanda yanzu aka juya fuskarsa bango. Wanzami ma ya aiko da ta'aziyya, kuma Akawu ya karɓa da kunya.

Ba za a ɗauki gawa ba, domin kamfani ya ce a bar ta a jone har ɗaya ga wata. Za a yi zaman makoki a falo. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su zo da ƙafarsu, kada a turo bidiyo, kada kuma a tambayi kalmar sirri. Wanda Allah ya hore wa data a wayarsa, ya wuce kai tsaye ɗakin Kaka. Tun jiya ta ƙi sakin wayar, ta ce a yi mata shiru, yaron yana juyowa.