Hular Kwano Ta Jika Biyu Da Rabi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Tasawa ba, ko da kuwa ina so in manta, don mutanen unguwar ba su da niyyar barina. Lokacin ina shekara ta uku da fara koyarwa a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, can bayan Urafane, kuma ban daɗe da sayen moto (babur ke nan) ba. Sabo fil, baƙi, da ledarsa a jikin kujera (ledar nan wata shida ta yi ban cire ta ba, sai da ta yayyage don kanta). Duk inda na gifta sai ka ji "Mushe! Mushe!" (haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu). Ni kuwa kai ya kumbura, gani nake duk jihar Maraɗi babu wanda ya iya tuƙi kamata.

Ina da wata ɗabi'a da ya kamata in faɗa muku tun yanzu, don ita ce ta kai ni ta baro. Ni ba na tsayuwa irin ta mutane. Mai hankali idan ya zo tsayawa yakan fitar da moto daga bitas, wato giya, ya sauke ƙafa, in tsayuwar mai tsawo ce ya kashe. Ni kuwa ina! Sai in bar shi cikin bitas, in damƙe ambiriyaj da hannun hagu (wannan ɗan ƙarfen da in ka sake shi moto ke tafiya), in dafa ƙasa da tsinin ƙafa ɗaya, ina murza wuta: buum, buum, buum. Ko wurin mai sayar da esans, man moto, a kwalba na tsaya, haka nake. Ko amalanken shanu ke tsallaka hanya, haka nake, har shanun su riƙa waiwayena. Don neman suna har bakanike na sa ya ƙara masa wuta, ko ban murza ba ya riƙa gurnani shi kaɗai. Bakaniken ya ce, "Mushe, wanga abu yana shan esans fa. Kuma ranar da hannunka ya kuɓuce, tafiyarshi za ya yi." Na ce ya yi aikinsa, ni na san nawa.

Hular kwano kuwa, kas ɗin nan, ban taɓa ɗora ta a kaina ba. Hujjata biyu ce: tana ɓata karin hula, sannan in na sa ta wa zai gane ni ne bisa moton?

A lokacin ina neman auren Rakiya, ɗiyar wani tsohon jandarma da kowa a unguwarsu ke kira Baba Ajudan. Ina son yarinyar nan, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya rubuta kwanan wata sau biyu a allo bai sani ba. Kawuna ya taso tun daga garin Sarkin Hausa ya kai maganar, aka ce masa za a yi shawara. Mako uku shiru. Na rame, na fara yi wa ƴan aji faɗa babu dalili. Sai ga wayar Rakiya.

Ta ce, "Mushe, Baba ya ce ya gan ka bakin tasha."

Na ce, "Madalla! Ya ga moton?"

"Ya gani. Ya kuma ji. Ya ce wane ne wancan mai kai tsirara da ke damun mutane da ƙara? Aka ce mashi ai kai ne."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba:

"Ya ce shi ba ya ba da ɗiyarshi ga wanda za ya ɗauke ta bisa moto babu kas. Ka zo Asabar bayan la'asar, yana son ganinka da idonshi. Don Allah ka zo da kas, kuma ka zo a hankali."

Asabar da hantsi na shiga Tasawa, na nufi shagon wani mai sayar da kayan moto. Mutumin kirki ne, Allah ya sani bai cuce ni ba. Ya sauko da ta farko, mai nauyi, cikinta da laushi, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta yi wani sauti mai kauri. Ya ce jika goma sha takwas, wato sefa dubu goma sha takwas. Na ce, "Kas ɗin da moto ake haɗawa?" Ya sauko da ta biyu, ya ce jika tara, ita ma tana tare kai daidai gwargwado, in dai ta zauna maka cif kuma ka ɗaure igiyar. Na gwada, ta zauna cif. Kuɗin na nan cikin aljihuna, ba wai babu ba. Amma ina da sabuwar shadda wurin tela da zan karɓo, ga turare ban saya ba, kuma a lissafina suruki shadda yake fara gani kafin komai.

Na ce, "Babu wata ƙasa da wannan?"

Ya dube ni, ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo wata ja mai ƙyalli, da baƙin gilashi da zanen harshen wuta a gefe. Wallahi duk ta fi su kyau. Na ɗaga ta, na ji kamar ban ɗauki komai ba.

Ya ce, "Jika biyu da rabi. Amma in gaya maka gaskiya, Mushe, wagga ta gaida jandarma ce, ba ta faɗuwa ba ce."

Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce ai ni jandarma za ni gaidawa, kuma tun da na sayi moto ban taɓa faɗuwa ba. (Ku lura, wannan maganar daga bakin mutumin da gwamnati ta damƙa wa tarbiyyar yara ta fito.) Na biya, na tafi wurin tela.

Bayan la'asar na ci ado. Shadda fara tana ƙara, turare har yana sa ni atishawa. Na cusa hulata a aljihu, na kifa kas, na ɗaure. Nan na fara gane halinta: gilashin baƙi ne ƙirin, duniya ta koma mini kamar ana shirin ruwa, kuma in na ɗaga shi sai ya faɗo da kansa. Ta yi mini yawa, in na juya kai hagu ita tana nan tana kallon gabas. Duk da haka na tsara komai a raina. Zan tsaya nesa da ƙofar gida, in kashe moto, in cire kas, in sa hula, in cire takalmi, in tako a hankali in durƙusa. Na maimaita wannan tsari ya fi sau goma a hanya.

Abin da ban tsara ba shi ne Baba Ajudan ba ya zaune. Ya tashi daga tabarmar da dattawan unguwa ke zaune gindin itacen bedi, ya rako wani baƙo bakin hanya. Ina karyo kwana sai ga shi a gabana, dogo, a miƙe kamar har yanzu yana cikin kaki. Na ja birki na tsaya daf da shi. Kuma da yake jiki abin da ya saba yake yi, sai na tsinci kaina cikin bitas, ambiriyaj a hannun hagu, tsinin ƙafa a ƙasa, moto na gurnani.

Ya leƙa baƙin gilashin, ya ce, "Mushe ne?" Ya miƙo mini hannu.

Jama'a, ku faɗa mini, wane ɗan gidan mutunci ne ke karɓar hannun babba da hannu ɗaya? Tun ina yaro aka koya mini, in babba ya ba ka hannu, dama ta karɓa, hagu ta tallafo ta. Ban yi shawara da kowa ba. Dama ta kama hannun Baba Ajudan, hagu ta saki abin da take riƙe da shi ta taho tallafi.

Moto ya zabura.

Da na saki hannunsa, da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai. Amma tsoro ya sa na ƙara damƙe shi. Dattijon da ya haura sittin, wanda aka ce ko a zamanin aikinsa ba a cika ganin gudunsa ba, sai ga shi yana bina a guje, rawani na warwarewa, yana cewa, "Kai! Kai! Sake ni!" Taku huɗu ya yi, takalminsa ɗaya ya fita, ya fizge hannunsa ya zauna daɓas cikin rairayi. Ni kuwa moto ya wuce da ni ta gefen tabarma, dattawa suka watse suna salati, wani da butarsa a hannu, na bi ta kan tiren shayi, na je na rungumi turken da ake ɗaure ragon gidan. Ragon ya tsallake, kaina ya sauka kan turken. Na ji ƙwas, irin ƙarar da ƙwarya ke yi in jaki ya taka ta.

Da na buɗe ido sai na ga haske ya dawo duniya. Kas ta rabe biyu. Rabi na can yana juyi a ƙasa, rabi na rataye a kunnena da igiya. Moto na kwance, ƙafar baya na ta juyawa tana watsa wa limamin unguwa rairayi. Mata sun fito ƙofar gida, kuma a bayan kafaɗar mahaifiyarta na hango Rakiya, ta toshe baki da gyale. Har yau ta ce kuka take yi. Ni dai na ga kafaɗunta na rawa.

Baba Ajudan ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya tako da takalmi ɗaya, ya murɗa makulli ya kashe moton. Ya ɗaga haɓata ya duba idona, ya taɓa ƙulun da ya fara tasowa a goshina, ya ce in faɗi sunana da ranar da muke. Na faɗa. Sannan ya ɗauki rabin kas ɗin, ya juya cikinta. Ba soso ba ne a ciki. Kwali ne aka lanƙwasa aka liƙa wa baƙin ƙyalle, kuma ga hoton taliya ɓaro-ɓaro a jikinsa. Ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa na kusa da shi, haka ta zagaya dattawan nan ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Nawa ka saye ta?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Na dubi taliyar, na ga babu inda za ta shiga. Na ce, "Jika biyu da rabi, Baba."

"Shaddar ga fa?"

"Jika ashirin da biyar... da ɗinki."

Wani dattijo ya yi tari, irin tarin da ba na mura ba. Baba Ajudan bai yi dariya ba, kuma wallahi da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ni na yi shekaru bisa titi. Na sha kwasar samari da hannuna, rigunansu ko yagewa ba su yi ba, kai ne kawai ya tafi. Kanka naka ne, Mushe, kai ka yi mashi kuɗi, ba ni da ta cewa. Abin da nike son ji, kan ɗiyata nawa za ka yi mashi?"

Kunyar faɗuwar ba ta kai rabin wannan ba. Na sunkuyar da kai, hawaye suka cika mini ido, don na tabbata na rasa Rakiya, kuma na san ba wanda ya yi mini sai ni.

Ya bar ni cikin wannan hali har sai da aka tsince kofunan shayi. Sannan ya ce, "Ladabinka ne ya kada ni, na gani, shi ya sa ban kore ka ba. Ka dawo Asabar mai zuwa da kas biyu, ni za ni duba su. Kuma za ka koyi tsayuwa."

Ashe da gaske yake. Na koma wurin mai shagon nan (goshina kawai ya kalla), na sayi ta jika tara guda biyu. Baba Ajudan ya ƙwanƙwasa su, ya ja igiyoyin, ya cusa yatsa ya tabbatar babu taliya. Daga nan ya ja layi a rairayi da sandarsa, ya sa ni in je ƙarshen lungu in dawo in tsaya a kai. Fitar da bitas, ƙafa biyu a ƙasa, kashe moto, cire kas, sauka, sannan gaisuwa. Sau bakwai na yi, dattawa na shan shayi suna gyara mini. A na bakwai ya miƙo hannu, na karɓa da hannu biyu, babu wanda ya motsa daga inda yake. Ya juya ga liman ya ce a aika wa kawuna ya zo a sa rana.

Yanzu ƴaƴanmu biyu da Rakiya, kuma in dai bisa moto nake, surukina ba ya miƙo mini hannu sai ya ga makulli a tafina. Abin da na koya kuwa bai da yawa: in ka tsaya taya abin da zai tare maka kai, ka yi ciniki a hankali, don kanka kake yi wa farashi, kuma wata rana a gaban liman za a ce ka faɗe shi da bakinka.