Layi Huɗu na Matar Lau

Duk wanda ya ɗanɗani waƙoƙin Sinawan dauri a Liverpool, albarkacin Farfesa Aubrey Penhallow ya ci. Shi ma yakan faɗi haka. Shekara talatin yana juya su zuwa Turanci, bai taɓa barin waƙa yadda ya same ta ba, don shi mutum ne mai hannun kyauta. In mawaƙi ya ce wata ya fito, Farfesa zai haƙa masa tafki, ya saka agwagi biyu a ciki. Ɗalibai na kiransa Sarkin Ƙari. Ya ji, ya ɗauka sarauta ce.

"Mawaƙan Sin marowata ne," yakan ce. "Su miƙa maka tsakuwa, wai ka hango tsauni. Ni nake gina tsaunin."

Wata Litinin wani dattijo, Lau Wing-kei, tsohon mai shagon wanki da guga, ya shigo ofishinsa da lema tana ɗiga. Matarsa Siu-lan ta rasu. Akwai tsohuwar waƙa da takan rera, yana so a sassaƙa ta da Turanci a dutsen kabarinta, don jikokinsu ba sa karanta Sinanci. Dangi za su taru sharar kabari ƙarshen wata.

"Layi huɗu ce, Farfesa," in ji shi. "Sanyi ya shigo. Mace na bugun tufafi a kan dutse. Mutum ya ji, ya tsaya. Bugun ya daina. Shi ke nan. Wurin da ya rage a dutsen ma layi huɗu zai ci."

"Bawan Allah, kai ka ji waƙar," Farfesa ya ce. "Ni zan gan ta."

Ya gan ta kuwa. Bugun wanki bai dace da kunnen mai ilmi ba, sai ya mai da shi ƙararrawar gidan ibada. Ƙararrawa na bukatar hazo, hazo na bukatar kogi, kogi ba ya zama babu jirgi. Matar ya cire ta daga bakin aiki, ya sa mata rigar siliki, ya jingina ta da taga tana hawaye. Garin gyaran gira, ido ya tafi. Ran Juma'a waƙa ta kai shafi uku, ban da sharhi.

Da kansa ya raka Lau wurin mai sassaƙa, Maureen Tully, don kada a ɓata masa tsari. Tsaye cikin ƙurar dutse ya karanta musu duka, yana lumshe ido. Lau ya saurara, hula a hannu.

"Ta yi daɗi," ya ce. "Ta wace ce?"

"Ta matarka."

"Siu-lan shekara arba'in tana wanki. Ban taɓa ganinta a taga ba, sai in gogewa take."

"Wannan shi ne bambancin rayuwa da adabi. Sharaɗina ɗaya: ba a taɓa mini ko harafi. A fara daga sama, a bi yadda na rubuta."

Maureen ta karɓi takardun, ta zaro ma'auni daga aljihu, ta auna dutse, ta auna rubutu, ta ja layi da fensir.

"Daga sama, nan wuri ya ƙare, Baba," ta ce wa Lau.

Lau ya sa tabarau. Abin da ya shiga saman layin fensir shi ne kan takardar kawai: sunan Farfesa, da digirorinsa uku, da lambar yabonsa, da shekarar da ya fara aiki.

Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juya takardar, ya faɗa wa Maureen layukansa huɗu da Turancinsa na bakin shago, ta rubuta. Suka shiga cif, har da sauran wuri.

"Wancan na Farfesa fa?" ta tambaya.

"Ajiye masa, 'yar nan," in ji Lau. "An gama rubuta na kabarinsa. Shekara ɗaya kawai za ki ƙara, ta rasuwa."