Alhajin da Na Gayyato da Kaina

Ba zan taɓa mantawa da taron bitar nan ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kamfaninmu a nan Bauchi yana haɗa wata manhajar waya da ƴan hatsin Kasuwar Muda Lawal za su riƙa tallata kayansu a ciki. Ni ce shugabar masu zana fuskarta, Injiniya Bala kuma shugaban masu gina ta. Wata uku muna zaman doya da manja. Duk abin da na zana sai ya ce, "Hajiya, wannan ya yi yawa, a rage." (Mutumin da ko hularsa ba ta taɓa shiga da rigarsa ba!) Oga ya gaji da mu, ya ce in shirya taro, abin da aka tsayar ranar shi za a gina. In zanena ya faɗi, a koma kan tsarin Bala.

Na shirya kamar mai zuwa kotu. Dama na zaga rumfuna na nuna zanen, kowa ya ce, "Ya yi kyau, Allah ya sa albarka." Na rubuta maganganun nan a ƴan takardu na manne bango kaf. Sannan na gayyato Alhaji Ɗanjuma, dattijon da ya fi kowa yabawa, musamman don ya rufe wa Bala baki.

Da aka zauna ban bar kowa ya yi tari ba. Na buga tebur na ce, "Ku da ba ku taɓa taka kasuwa ba, to ga mai amfani da abin a zaune!"

Sai Bala ya tashi. Ya miƙa wa Alhaji wayar gwaji ya ce, "Baba, don Allah sa mana buhun masara goma a tallata."

Alhaji ya nisanta wayar, ya kusanto da ita, ya danna nan, ya danna can. Can sai ga shi a wurin canza hoto. Maimakon in yi shiru, sai na harzuƙa: "Baba, ba kai ka ce ya yi kyau ba?"

Ya ajiye wayar a hankali. "Ƴata, kin tako har rumfata cikin rana, kina murna da aikinki. In ce miki bai yi ba? Ai ba tarbiyya ba ce. Kyau kam yana da shi. Ni dai ban ga ƙofar shiga ba."

Wani a baya ya shaƙe da dariya. Abin da ya fi ƙona mini rai, Bala ko murmushi bai yi ba, sai ma ya tsiyaya ruwa ya turo gabana. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar an binne zanena, ni ce ma aka sa na rubuta rahoton taron. Yanzu in dattijo ya yaba aikina, sai in yi godiya, in miƙa masa wayar, in kama bakina.