Rasuwar Walƙiya, Motar da Aka Haɗa a Ɗakin Albasa

Da zuciya cike da baƙin cikin da ba nata ba, Malama Rahila ta garin Deule, a madadin mai gidanta Malam Mahfuzu, tsohon direktan lakwal, wato shugaban makarantar boko, wanda har yau bai iya buɗe baki ba, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Buza da Madawa da Keita rasuwar motar tserensa da ya raɗa wa suna Walƙiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin ƙoramar gabas da gari, tana da shekara uku a duniya. In aka haɗa duk tafiyar da ta yi a rayuwarta, ba ta kai kilomita biyu ba.

An haifi marigayiyar a cikin akwatunan katako goma sha ɗaya. Malam ya fara ganin irinta a salula, wani Bature mai gajeren wando yana haɗa tasa cikin minti ashirin yana murmushi. Malam ya ce wanda ya koya wa yara lissafi shekara talatin ba zai kasa ɗaura noti ba. Da akwatunan suka iso aka buɗe, sai ga ƙasusuwan ƙarfe, da jikin mota ja na wani abu mai kama da roba, da kujeru biyu, da buhunan notuna, da wani littafi mai kauri da Ingilishi, alhali Malam Faransanci ya sani. Inji kuwa babu. Ashe irin wannan mota sai an yanka wata an ba ta zuciya.

Wadda aka yanka ita ce tsohuwar a-kori-kurar gidan. Shekara goma sha bakwai tana kai albasar Rahila kasuwar Buza, tana kai marasa lafiyar unguwa asibiti, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Sufyanu makanike, da aka kira daga Madawa ya ciro injin, ya zagaya akwatunan sau biyu ya mayar da kayan aikinsa cikin jaka.

Ya ce, "Direkta, ba ni yanka raƙumi in ciyad da hawainiya. Wagga mota an yi ta don hanyar da babu dutsi, mu ko Adar muke, ƙasar duwatsu."

Malam ya ce makanikai ba su son ci-gaba. 'Yan fadar shayinsa suka ce gaskiya ne, ai mai boko ba ya rasa dabara. Su suka kama masa aka sauke injin da igiyar rijiya, sannan kowa ya koma kan tabarmarsa.

Za a daɗe ana tuna kyawawan halayen marigayiyar. Mai haƙuri ce: shekara biyu da rabi ta yi a kan duwatsu huɗu a ɗakin ajiyar albasa, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Mai kunya ce: duk ranar da aka tara mutane za a tayar da ita, sai ta yi shiru. Mai ƙanƙan da kai ce ƙwarai, don tsakanin cikinta da ƙasa yatsa huɗu ne. Ba ta taɓa take kazar kowa ba. Jandarma bai taɓa tsayar da ita ya tambayi takarda ba, domin ba ta taɓa isa inda jandarma yake ba.

Ba ta da yawan magana. Abin da iyali suka fi sani daga bakinta shi ne "kyar-kyar-kyar, tuf." Sau ɗaya tak, ranar wata Juma'a, ta ce "ɓuuu" har awaki suka tsinke igiya, Malam ya fito tsakar gida yana ɗaga hannu sama, kafin hayaƙi ya biyo bayansa daga wayoyin da ya haɗa ja da baƙi. Ranar da aka gama ta kuwa, sai aka tarar ta fi ƙofar ɗakin faɗi da taƙi guda. Aka rushe bango aka fito da ita. Albasar wannan shekarar a waje ta sha ruwan farko, ta ruɓe, Rahila ta kwashe ta da hannunta ba ta ce komai ba. Tana so a sani cewa shirun nan ba yarda ba ne.

Ciwon ajali ya zo mata farat ɗaya. Shamsiyya, 'yar gidan, ta dawo wurin uwarta haihuwar fari. Ranar Talata da safe naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ma'aikaciyar ɗakin shan magani ta ce a kai ta Buza yanzu. Babu mota a gari, duk sun tafi kasuwa. Malam ya ɗora tabarau ya ce yau za a ga amfanin abin da ake yi wa dariya.

Marigayiyar ba ta da ƙofa, ta sama ake shigarta. Aka zura Shamsiyya a kujera kamar guga a rijiya, tana cizon leɓe. Kujerun biyu ne, don haka Rahila ta ɗauki ƙunshin zannuwa ta bi su a ƙasa, kuma tana shaida wa jama'a cewa ba a bar ta a baya ba. A bakin ƙorama marigayiyar ta hau wani dutse da jakuna ke tsallakewa ba su duba ba. Ta ce "ƙwas." Cikinta ya dare, baƙin mai ya malale a yashi, tayoyin baya suka yi ta juyawa a iska. Ta ce "kyar" sau ɗaya, ba ta ƙarasa ba.

Malam ya ci gaba da murɗa makulli, gumi na zuba daga haɓarsa. Rahila ta iso ta tsaya a kansa.

Ta ce, "Malam, sabka ka kama ɗiyarka."

Ya dubi Shamsiyya, ya ga idonta ya fara juyewa. Ya sauka. Shi ya ciro ta da hannunsa, ya rungume ta ya haura gaɓa da ita, takalminsa ɗaya ya tsaya a yashi bai waiwaya ba. Allah ya kawo maƙwabcinsu Mati daga lambu da amalanken shanu. Mati bai yi tambaya ba, ya zubar da ciyawar da ya ɗauko, aka shimfiɗa zannuwa. Shanun nan biyu suka wuce marigayiyar a natse, suka kai su babbar hanya, inda motar 'yan kasuwa ta ɗauke su. Da la'asar Shamsiyya ta haifi 'ya mace. Likita ta ce da an ƙara awa guda, da wata sanarwar ake rubutawa yau. Malam ya zauna a ƙofar asibiti da takalmi ɗaya yana kuka. Rahila ba ta tambaye shi wa yake yi wa ba, ta zaɓi ta kyautata masa zato.

Marigayiyar ta rasu ta bar mai gidanta, da notuna talatin da bakwai a gwangwanin tumatir waɗanda ba a san inda ya kamata su shiga ba, da gawar a-kori-kura da kaji ke ƙwai a cikinta, da ramin bango. Ta kuma bar 'yan fadar shayi su shida, waɗanda tun ranar Talata kowannensu ke cewa shi dama ya faɗa.

Ga samarin da suka riƙa leƙowa suna cewa su ma za su yi odar tasu, Rahila na da nasiha, tunda ita ta ga abin daga farko har ƙarshe. Ku auna ƙofa kafin ku fara. Ku fita ku dubi hanyar garinku da idonku, ku auna dutsen da ya fi girma. Ku nemi wanda ya iya harshen littafin ya karanta muku shi duka, ba hotunan kawai ba. Kowane noti kuka kwance ku sa shi a leda ku rubuta inda ya fito. Wayoyin wuta ku bar wa mai sana'ar, birki kuma ku gwada shi kafin fenti. In makanike ya mayar da kayansa jaka, ku ma ku mayar da naku. Kuma kada ku yanka motar da ke tafiya saboda wadda ba ta taɓa tafiya ba, sai in kun tabbata babu mai ciki a danginku.

Za a ɗauko gawar daga bakin ƙorama ranar Laraba da safe, washegarin suna, don kada hidima biyu ta haɗu. Shanun Mati ne za su ja ta. Sufyanu ya yarda ya zo daga Madawa ya yi mata sutura, da sharaɗin Malam zai zauna nesa ya riƙe hannuwansa. Masu rakiya su zo da sifana mai lamba goma sha uku, 'yan fadar shayi kuma su zo da ƙarfinsu, akwai bango da za a tayar. Ana karɓar gaisuwa a zaure, a yi ta a taƙaice, mai gidan bai warke ba.

Babu sadakar uku, babu ta bakwai. Ta arba'in ma ba za a yi ba, domin ko da yake an rubuta har ɗari biyu a agogon gudunta, marigayiyar kanta ba ta taɓa kai arba'in ba.