Fitilar Zoɓo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka baje kolin ayyukanmu na kammala karatu ba. Nawa aikin shi ne samar da lantarki daga rana don kunna 'yar fitila: falle-fallen gilashi da na rina da zoɓo, a tsakaninsu ɗan ruwan aidin wanda shi ke kai wutar yana komowa. In ruwan nan ya bushe, to gilashi kawai kake riƙe da shi. Malaminmu ya ce in liƙe gefunan sosai, na ce to (a raina kuwa ina cewa mutumin nan ya cika mita).

Wata guda ina cika baki a gidanmu na Unguwar Rimi. Baba, wanda ciwon ido ya raba shi da aikin ofis, a lokacin haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya ce, "Uwata, ko da jan hannu sai na je. Ina so in ga fitilar nan kafin idon ya ƙarasa."

Ranar, don tsabar iyayi, tun safe na shanya gilasan a rana wai su ƙoshi. Ni fa ɗalibar kimiyya! Ruwan ya tsiyaye, sauran ya bushe ƙaƙas, ban duba ba.

Malamai suka kewaye teburina. Baba na zaune a gaba da farar babbar rigarsa. Na yi bayani har da ɗaga murya, na haɗa waya da ɗan ƙwan fitilar. Shiru. Na sake haɗawa. Ko ƙyas.

Sai kawai Baba ya miƙe. "Allahu Akbar! Na gan shi! Wallahi na gani!" Ya shiga tafi shi kaɗai, hawaye na bin gemunsa. Ashe hasken rana ne ya daki gilashin ya faɗa masa a ido.

Wani ya fara dariya, ya haɗiye. Malamina ya dube ni, ya dubi Baba, sai shi ma ya soma tafi a hankali. Wannan tafin ya fi zagi ciwo.

Na sake aikin, na liƙe gefunan, fitila ta kama. Amma kafin nan idon ya rufe gaba ɗaya. Har Baba ya rasu yana gaya wa baƙi cewa abu na ƙarshe da ya gani shi ne fitilar 'yarsa, ni kuma ina zuba musu zoɓo ina sunkuyar da kai.

Yanzu ko murfin kwalba ne, sai na murɗa shi sau biyu.