Daraktan Rana da Iska

Kaf Sokode ba a taɓa yin gwani irin Shef Kassimu ba. Shekara ashirin yana yawon karanta mita gida-gida, sai aka tura shi kwas na mako biyu a Lome kan wutar rana da iska. Wallahi da ya dawo har tafiyarsa ta canza, biro huɗu a aljihu. 'Yan zango suka laƙaba masa Daraktan Rana da Iska, shi kuwa ya sa aka rubuta masa a ƙofa.

Shekarar da ake ta zanga-zangar neman dimokuraɗiyya, yajin aiki ya kashe kuran, wato wutar lantarki, a unguwarsu. Firigo ɗaya ne ya rage da sanyi, na yayarsa Fulera mai kifi, saboda allon sola da ɗanta ya aiko mata daga Jamus. Duk jarinta na cikin firigon nan.

Shef ya zo, ya gyara tsayuwa. "Yaya, zamanin mutum ɗaya ya riƙe rana ya wuce! Zan jona allonki da wayar kamfani. Abokina Mahama a Dapaong zai jona injinsa na iska. Mu ba su rana, su ba mu iska, arewa duka ta haskaka. Yini ɗaya tak."

Ta ba shi allon. Ƙane ne, ya za ta yi?

To amma babban aiki ba ya yiwuwa ba biki. Shef ya kafa rumfa, ya jera kujeru. Allon da ya zo daga Jamus kuwa ai ba a bar shi a rana kamar shanyar barkono ba. Aka shigar da shi tsakiyar inuwa, aka lulluɓe da atamfa, sai manyan baƙi sun zo a buɗe. Manyan baƙi ba su zo ba, an tare hanya. Kwana uku Shef na maimaita jawabinsa ga kujeru, Fulera na aike, yana cewa a gaya mata tarihi ba ya son gaggawa.

Rana ta huɗu wani direba ya iso daga Dapaong da saƙon Mahama: tun Juma'a ko ganye bai motsa ba.

"Na sani!" in ji Shef. "Iskar ma an zuga ta, ta shiga yajin aiki!"

Yana cikin haka sai ga Fulera da daro a ka, ranta a ɓace ƙwarai. Ta dire shi gaban Darakta, ta yaye murfi. Jama'a suka toshe hanci. Ikon Allah, a daidai lokacin iska ta taso, ta kwashi ɗoyin ta yi arewa da shi.

Fulera ta janye atamfar, ta ɗora allonta a ka.

"Kassimu, ka huta da jawabi. Ga aikinka nan ya kama hanyar Dapaong, ko waya bai nema ba."